Yadda Ake Kafa Kulob Ɗin Ƙwallon Ƙafa a Ƙauye Har Ya Ɗore

Da wuya ka shiga ƙauye a ƙasar Hausa bayan la'asar ba ka tarar da samari suna buga tamaula a bayan firamare ko a wani fako ba. 'Yan wasa ba su ne matsala ba. Abin da ke da wuyar samu shi ne kulob ɗin da ya shekara goma da suna ɗaya, fili ɗaya, asusu ɗaya. Yawanci ana kafa shi ne saboda wata gasa, a ɗinka jesi, a buga wata uku, damina ta faɗi kowa ya nufi gona, kaka ta yi manyan 'yan wasa su tafi ci-rani, shi ke nan an watse.

Na daɗe ina riƙe da littafin kulob ɗin garinmu, kuma tambayoyin da ake yi mini ba sa canzawa: da me ake farawa, ina ake rajista, wa ke riƙe kuɗi, yaya ake hana fili salwanta. Ga matakan a jere yadda ya kamata su zo. Jerin yana da muhimmanci, domin kuskuren da aka fi yi shi ne fara sayen jesi kafin a san wa ke da fili.

1. Taron farko: kada ya zama na 'yan wasa zalla

Ku tara mutum bakwai zuwa goma, kada su wuce haka. A cikinsu a samu malamin makaranta ɗaya, magidanci ɗaya mai sana'a wanda ba ya barin gari da rani, tsohon ɗan wasa ɗaya da ƙafa ta daina ba shi haɗin kai, sai samari uku ko huɗu daga masu bugawa. Idan akwai ma'aikacin lafiya a garin, ko da na ɗakin shan magani ne, a jawo shi tun ranar.

Dalilin wannan haɗin shi ne ɗan wasa yau yana nan, gobe yana Legas ko Abuja yana acaɓa ko sayar da rake. Kulob ɗin da shugabansa da ma'ajinsa duk suna cikin goma sha ɗayan farko, ranar da motar ci-rani ta tashi ta tashi da shi.

A taron nan abu uku kawai za a yanke: ana son kafawa ko ba a so, wa zai riƙe littafi, da ranar zuwa gaida manya. A sayi littafi mai kauri, mai bango mai ƙarfi, a rubuta kwanan wata da sunayen waɗanda suka halarta a shafin farko. Wannan shafin shi ne takardar haihuwar kulob.

Gargaɗi: kada a raba muƙamai a ranar farko. Mai yawan magana a taron farko ba lalle ne shi zai zo share fili ba. A bari a yi wata guda ana aiki, za a ga wa ke zuwa.

2. Gaida manya

A fara da mai unguwa, shi zai kai ku wurin dagaci. Daga nan a je wurin liman. Ba kuɗi za ku nema ba, kuma ku faɗi haka da bakinku tun da farko, don hankalinsu ya kwanta. Abin da kuke nema izini ne da albarka, da kuma alkawarin da ku za ku ɗauka: ba a wasa lokacin salla, ana tashi kafin magariba, ba a ɗaukar yaro a lokacin makarantar allo ko Islamiyya, ba shaye-shaye a bakin fili.

Wasu samari suna ganin wannan ɓata lokaci ne. Ranar da aka yi faɗa da 'yan ƙauyen maƙwabta aka fasa wa wani kai, a ranar za su gane amfanin a ce dagaci ya san da zamanku tun farko.

3. Fili

Nan ne ya kamata ku fi ɓata lokaci, domin kulob zai iya rayuwa ba jesi, ba zai rayu ba fili ba.

Hanyoyin samu uku ne. Filin makarantar firamare ko sakandare shi ya fi sauƙi: ku ga hedimasta da kwamitin iyayen da ke kula da makarantar, a rubuta takarda mai nuna ranaku da lokutan da za ku riƙa amfani da shi, a kai kwafi ofishin ilimi na ƙaramar hukuma. Hedimasta ana canza shi, takarda ba a canza ta. Hanya ta biyu ita ce filin gari da dagaci zai nuna. Ta uku, gonar wani bawan Allah da ya ba da aro.

A cikin ukun, aron gona ya fi haɗari. Mu ma da ita muka fara. Dattijon da ya ba mu aro mutumin kirki ne, bai taɓa ce mana komai ba, amma bayan rasuwarsa aka zo rabon gado, muka wayi gari an ja kunyar gero daga turke zuwa turke. Magada ba su yi laifi ba, haƙƙinsu ne. Mu ne ba mu riƙe ko guntuwar takarda ba.

Idan filin gari ne, kada ku tsaya kan maganar baki. A Najeriya, dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta bai wa ƙaramar hukuma ikon ba da shaidar mallaka ta gargajiya a kan filayen karkara. Don haka bayan dagaci ya sa hannu, a bi ta wurin hakimi a kai sakatariya a nemi takarda da ke cewa an keɓe wurin don wasanni. A dasa itatuwa a kusurwoyi huɗu, nesa kaɗan da layi, darbejiya ta fi jure fari da awaki. Itace shaida ce da ba a tumɓuke ta cikin dare ɗaya.

Sai aunawa. Kayan aiki: tef na awo mai mita 50 ko 100 da za ku iya ara wurin magini, igiya doguwa, turakun itace kamar ashirin, guduma, da farar ƙasa ko toka.

Dokar wasa ta yarda da tsawo daga mita 90 zuwa 120, faɗi daga mita 45 zuwa 90, muddin tsawo ya fi faɗi. Ga ƙauye, mita 100 da 64 ya wadatar, idan wuri ya matse a yi 90 da 55. In da hali a shimfiɗa tsawon daga kudu zuwa arewa. Ku da yamma kuke wasa, idan raga ta fuskanci yamma rana za ta cika idon gola tsawon rabin wasa.

Wurin da kowa ke kuskure shi ne kusurwa. Da ido ake ja, fili ya fito a karkace kamar gonar gado. Ga dabarar magina: ku samu igiya mai mita 12, ku ɗaura alama a mita 3 da kuma mita 7, ku haɗa bakinta biyu. Mutum uku su ja ta ta miƙe, ɓangarorin su zama 3, 4 da 5. Kusurwar da ke tsakanin 3 da 4 ita ce daidai. Idan kun gama kusurwoyi huɗu, ku auna daga kusurwa zuwa wadda ke kallonta ta tsakiyar fili, sau biyu, a gicciye. Awon biyu su zo ɗaya. A filin 100 da 64, kowanne zai ba ku mita 118 da kusan santimita 70.

Sauran layuka: da'irar tsakiya mita 9.15 daga ɗigon tsakiya. Babban gidan gola mita 16.5 daga cikin kowane turke zuwa gefe, da 16.5 zuwa cikin fili. Ƙaramin gida mita 5.5 haka nan. Ɗigon fanareti mita 11 daga layin raga. Zagayen kwana kuma mita 1 daga kusurwa. Kaurin layi kada ya wuce santimita 12.

Raga: tsakanin turke da turke mita 7.32, daga ƙasa zuwa ƙarƙashin sandar sama mita 2.44. Ku kai wa mai walda wannan awon a rubuce, ku gaya masa awon ciki ne, ba na waje ba. A tona rami mai zurfi a zuba kankare. Idan kuɗin bututun ƙarfe bai samu ba, a fara da itace mai ƙwari, a shafa baƙin mai a gindin da za a binne saboda gara.

Gargaɗi: turken da ba a kafe shi sosai ba yana kisa. Yara suna lilo a sandar sama, idan ta kifo a kansu take faɗowa. Ragar da ba ta da kankare a kwantar da ita bayan wasa. Haka kuma kada a ja layi da ɗanyen siminti ko wata hoda mai ƙuna, tana cin fatar wanda ya faɗi a kai, ta shiga ido.

Kafin a fara bugawa a yi gayya: a jera kafaɗa da kafaɗa a tsince ƙaya, ƙusa, kwalba, dutse da kututture, a cike ramukan gafiya. Wannan aikin ba na rana ɗaya ba ne, duk farkon kaka ake maimaita shi.

4. Suna, launi da dokoki

Ku sa sunan garinku. Na ga kulob da yawa da suka sa sunan Chelsea ko Barcelona, suka rabu biyu saboda rabin 'yan wasan magoya bayan Madrid ne. Sunan gari kowa nasa ne, kuma shi ne zai sa ɗan garin da ke aiki a Kano ko Fatakwal ya ji kunyar ƙin turo gudummawa. Kada kuma a sa sunan ɗan siyasa, za mu zo kan wannan.

Launi biyu: na gida da na fita. Ku zaɓi launin da ake samu a kasuwa kowane lokaci, don idan riga uku suka yage a iya cike gurbi.

Dokoki kada su wuce shafi biyu, a rubuta da Hausa, a karanta wa kowa a fili. Abin da dole ya shiga: muƙamai da wa'adinsu, shekara biyu ya isa, kuɗin wata da hukuncin wanda bai biya ba, wa ke fitar da 'yan wasa, wato koci shi kaɗai, hukuncin wanda ya zagi alƙalin wasa ko ya ɗaga hannu, yadda ɗan wasa zai koma wani kulob, da kuma makomar kaya idan kulob ya watse. Wannan na ƙarshen mutane ba sa son rubuta shi, wai mugun fata ne. Ku rubuta. A ce kayan na makarantar firamare ne, rigima ta ƙare tun ba a fara ba.

5. Kuɗi

Ban taɓa ganin kulob ɗin ƙauye da ya mutu saboda an ci shi biyar da nema ba. Wanda ya mutu saboda naira dubu kaɗan da ba a san inda ta shiga ba kuwa, na ga fiye da ɗaya.

Tsarin da ke aiki shi ne a raba hannu uku. Sakataren kuɗi yana karɓa yana rubutawa, ma'aji yana ajiyewa, shugaba yana sa hannu kafin a fitar. Mutum ɗaya kada ya riƙe biyu, kuma kada biyu daga cikinsu su zama 'yan gida ɗaya. Duk ƙarshen wata, bayan atisaye, a zauna a tsakiyar fili a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, har kuɗin ruwan leda. Minti biyar ne, amma shi ke riƙe da kulob.

Kuɗin wata a sa kaɗan, wanda ɗan acaɓa da ɗalibi za su iya. Misali, idan mutum 30 suna ba da naira 500, kuna da naira 15,000 a wata, 180,000 a shekara idan kowa ya biya, kuma ba kowa zai biya ba, ku yi lissafi da kashi biyu cikin uku. Wannan kuɗin na ƙwallo ne da ruwa da alƙalin wasa. Ba zai sayi jesi ba, ba zai ɗauki mota ba.

Manyan buƙatu daga wasu hanyoyi suke fitowa. Ta farko, wadda ta fi dacewa da ƙauye, ita ce gonar kulob: a nemi aron gona, a yi gayya ranar da ba atisaye, a shuka abin da ake iya ajiyewa kamar wake, waken suya ko riɗi, kada a sayar da kaka lokacin da kaya ke arha. Ta biyu, ƙwadago a ƙungiyance: noman gonar wani, lodin yashi, share kasuwa. Ta uku, 'yan gari mazauna birni. Ku buɗe musu zaure a WhatsApp, amma kada ku riƙa tunawa da su sai ranar roƙo. Ku tura musu sakamakon wasa, hoton yara, da hoton shafin lissafi na wata. Wanda ya ga lissafi yana sake bayarwa.

A kasafin shekara, abin da ya fi cin kuɗi ba kaya ba ne, mota ce. Kafin ku shiga kowace gasa ku ƙirga wasannin waje nawa ne, ku tambayi direba kuɗin zuwa da dawowa da jira, ku ninka, ku ƙara kuɗin abinci da na rajista. Idan babu kuɗin wasa uku na farko a hannu, kada ku shiga. Janyewa a tsakiyar gasa tana jawo tara, tana kuma zubar da suna.

Gargaɗi kan 'yan siyasa: za su zo, musamman shekarar zaɓe, da jesi mai hotonsu a ƙirji. Ku karɓi ƙwallo, ku karɓi raga, ku yi godiya. Amma jesin gasa kada ta ɗauki hoton kowa ko alamar jam'iyya, domin a cikin 'yan wasanku akwai 'ya'yan ɗaya ɓangaren, kuma bayan zaɓe wayar mai gidan ba za ta ƙara shiga ba. Masu son kafa hujja sukan kawo labarin Hoffenheim, ƙauyen Jamus mai mutum dubu uku da 'yan kai, wanda attajiri Dietmar Hopp ya ɗauki kulob ɗinsa daga ƙananan rukunai har ya shiga Bundesliga a 2008. Gaskiya ne. Sai dai shi ɗan wurin ne da ya taɓa bugawa kulob ɗin yana yaro, ba ƙuri'a yake nema ba, kuma fili da makarantar horon yara ya gina, ba riguna ya raba ba.

6. Sayen kaya, bi da bi

Ƙwallo tukuna. Lamba 5 ta manya, lamba 4 ta yara. Ku sayi aƙalla uku, ɗaya a ɓoye ta sai ranar wasa. A fakonmu mai tsakuwa da ƙaya, ƙwallo mai ɗinkin hannu ta fi mai sheƙi da aka manna da gam, domin baduku zai iya farke ta ya gyara. A haɗa da famfo da allurai biyu ko uku, allura ta fi komai ɓata.

Sai usur, sai akwatin taimakon gaggawa, sai safar gola. Bayan su jesi. Saitin gwanjo daga Ƙofar Wambai a Kano ko Kasuwar Barci a Kaduna yakan fi sabuwar mai arha ƙarko, amma ku ƙirga da kanku, ku duba lamba ba ta maimaitu ba. Ku sayi 18 zuwa 20, da rigar gola mai launi daban. Farashi yana motsi kusan kowane wata, don haka a aiki mutum biyu, su tambayi shago uku, su dawo da rasit.

Takalmi kowa ya sayi nasa. A busasshiyar ƙasa mai tauri, mai ƙananan haƙora da yawa ya fi mai dogayen haƙora shida, wanda ke sa gurɗe. Abin kare ƙwauri kuma wajibi ne a dokar wasa, alƙalin gasa zai iya hana yaro shiga saboda shi.

Gargaɗi: jesi ba ta kwana a gidan ɗan wasa. Ana tashi a tattara a ƙirga, mutum ɗaya ya kai wanki. In ba haka ba za ku gan ta a kasuwa, a gona, a wurin biki, ranar wasa kuma a rasa lamba 9.

7. Koci da jadawalin shekara

Koci ba lalle ne ya zama wanda ya fi kowa iya ƙwallo ba. A nemi wanda yake zuwa kan lokaci, wanda zai iya ajiye ƙanensa a benci. Idan akwai malamin motsa jiki a makarantar sakandare ta kusa, ku roƙe shi ko sau ɗaya a mako. Daga baya a tura koci kwas ɗin horarwa idan hukumar ƙwallo ta jiha ta shirya.

Atisaye sau uku a mako ya isa. Kwana ɗaya na gudu da ƙarfin jiki, ɗaya na ba-ni-in-ba-ka da tsayuwar wuri, ɗaya a raba biyu a buga. Kuskuren ƙauye shi ne kullum a raba biyu a buga, shekara biyar ɗan baya bai san tarkon satar gida ba.

Shekarar ku ku tsara ta da kalandar gari, ba ta Turai ba. Daga shuka zuwa noman biyu a rage zuwa sau ɗaya a mako, kada ku yi jayayya da iyaye kan gona, ba za ku ci ba. Bayan girbi zuwa ƙarshen hunturu shi ne lokacin gasa. Kafin masu ci-rani su tafi a san su wane ne, a fara shigar da yara gurbinsu. Da azumi a sassauta, a koma ɗan motsa jiki gab da shan ruwa ko bayan asham idan akwai haske. Wasan Salla kuma a shirya shi da kyau, ranar ce 'yan birni ke gida, ranar ce asusu ke cika.

Gargaɗi: a bazara, watan Maris zuwa Mayu, kada a fara kafin rana ta yi sanyi, kuma a tsaya shan ruwa a tsakiyar kowane rabi. A ajiye ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Da damina kuma, da an ji tsawa a bar fili, kada a fake a gindin itace ko kusa da turken ƙarfe.

8. Ranar wasa

Ku fara da wasan sada zumunta da ƙauyen da ba ku da tsohuwar gaba da shi. A aika takarda, ba saƙon baki ba. A yi yarjejeniya tun kafin ranar kan lokacin farawa, tsawon wasa, yawan canji, da alƙali. Alƙali ya fito daga gari na uku, a biya shi kafin wasa a gaban kyaftin biyu, don kada a ce an saye shi daga baya.

A ja igiya tsakanin 'yan kallo da layi, a sa dattawa huɗu ko 'yan sintiri su tsaya. A tanadi mashin ko mota ɗaya da mai a ciki, da direba wanda ba zai ɓace cikin 'yan kallo ba. Baƙi a ba su ruwa da inuwa, a raka su har bakin gari ko sun ci ko an ci su.

Gargaɗi kan rauni: wanda ya bugu a kai ya ruɗe, ko ya yi amai, ko ya suma ko da na daƙiƙa kaɗan ne, ya gama wasan ranar, komai roƙonsa, a kai shi asibiti. Wanda ake zaton ya karye kada a ja ƙafar a fili, a ɗaure ta da sanda yadda take. Ba na raina maɗoran gargajiya, amma a fara ɗaukar hoton ƙashi tukuna.

9. Rajista

Hawa uku ce, kuma ba a rana ɗaya ake yin su ba.

Ta farko a ƙaramar hukuma, sashen da ke kula da matasa da ƙungiyoyi. A tafi da dokokin kulob, sunayen shugabanni, hotuna da takardar dagaci. Shaidar da za a ba ku ita za ta taimaka wajen buɗe asusun banki da sunan kulob, mai sa hannun mutum biyu cikin uku. Daga ranar kuɗi ya daina kwana a asusun mutum ɗaya.

Ta biyu a hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha, wadda ke ƙarƙashin hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, NFF. Wannan ce ke mai da ku kulob a idon ƙwallo. A nan ake yi wa 'yan wasa lasisi, a nan ake shiga gasar jiha da kuma matakin jiha na Kofin Ƙalubale, wanda waɗanda suka kai wasan ƙarshe ke wakiltar jiha a matakin ƙasa. Ku je ofishin da kanku, ku biya inda aka ba da rasit.

Ta uku a hukumar rajistar kamfanoni, CAC. Wannan sai kulob ya fara mallakar abu ko ƙulla yarjejeniya da wasu. Rajistar ƙungiya da sunan amintattunta tana buƙatar sanarwa a jaridu da jiran kwana 28 ko akwai mai ƙorafi, don haka tana cin kuɗi da lokaci. Kada ku fara da ita.

Gargaɗi: kada ku rage wa kowa shekaru. Abin da aka rubuta a lasisin farko shi zai bi yaro har ƙarshen wasansa, kuma ranar da aka gano, shi za a kora, ku kuma a kwashe muku maki.

10. 'Yan ƙasa da sha biyar, da littafi

A shekara ta biyu ku buɗe rukunin yara. Wannan ne maganin ci-rani, maganin aure, maganin tsufa. Kowane yaro ya kawo izinin mahaifi a rubuce, kuma wanda ba ya zuwa makaranta ba ya bugawa. A ba su tsofaffin ƙwallaye da rabin fili, a sa babban ɗan wasa ɗaya ya riƙe su, amma kada a bar babba shi kaɗai da yara a tafiya, a samu mutum biyu.

Kowane yaro a buɗe masa shafi a littafi: cikakken suna, ranar haihuwa, ranar shigowa, hoto, sa hannun uba. A kuma yi masa rajista a hukumar jiha, ba a littafinku kaɗai ba. Ga dalili. A dokokin FIFA, kulob ɗin da ya horar da yaro tun daga shekara 12 yana da haƙƙin diyyar horo idan ya zama ƙwararre a waje, kuma duk lokacin da aka sayar da shi daga wata ƙasa zuwa wata yana cikin kwantiragi, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa kulob ɗin da suka raine shi tsakanin shekara 12 da 23. Amma ana bin abin da ke cikin rajistar hukuma ne. Idan sunanku ba ya ciki, ko duk garin ya shaida ku kuka koya masa ɗaure takalmi, ba ku da sisi. Kada ku ce abin ya yi nisa: Ahmed Musa daga wata makarantar ƙwallo a Jos ya taso, ya ci ƙwallo 18 a Kano Pillars a kaka ɗaya, a 2010 ya tafi Holan.

Gargaɗi: da yaronku ya fara haske, masu jaka za su zo da labarin gwaji a Turai ko Dubai, su ce a kawo kuɗin biza. Kulob na gaskiya ba ya karɓar kuɗi wurin iyaye. FIFA ma ta hana kai yaro ɗan ƙasa da 18 wata ƙasa sai da wasu 'yan sharuɗɗa ƙalilan. Kada uba ya sayar da gona ko sa. A kai takardar gayyatar hukumar jiha ta duba, kuma kada a miƙa fasfo ga kowa.

A ƙarshen littafin kuma a riƙa rubuta kowane wasa: rana, abokan karawa, sakamako, waɗanda suka buga, wanda ya ci. Hoto ɗaya na dukan tawaga kowace shekara, a wanke shi a takarda, waya tana ɓata.

11. Yaushe ake hawa sama

Matakan ƙwallon Najeriya daga sama su ne NPFL, wato gasar Firimiya ta ƙasa, sai NNL, rukuni na biyu, sai NLO, rukuni na uku, wadda ita ce matattarar ƙananan kulob, sai gasannin jiha da na ƙananan hukumomi. Ku shekara biyu ko uku a gasar ƙaramar hukuma da ta jiha kafin ku yi tunanin NLO. Alamar kun isa ba kofi ba ce. Ku duba abu huɗu: kun kammala gasa biyu a jere ba ku fasa zuwa wasa ko ɗaya ba, an canza shugabanni sau ɗaya ba tare da an rabu ba, aƙalla mutum huɗu a goma sha ɗayan farko daga rukunin yaranku suka fito, kuma akwai kuɗin mota da masauki na dukan zagayen farko a banki.

Idan ɗaya ya rage, ku ƙara shekara. A shekarar ku kewaye fili da shingen itace, ku gina ɗan ɗakin ajiyar kaya mai ƙofar ƙarfe, ku tura mutum biyu kwas ɗin alƙalanci, sannan ku kai tsohon littafi a yi masa kwafi biyu, ɗaya a gidan dagaci, ɗaya a ofishin hedimasta.